Gwangwanin Maganin Baba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zana hanta a allo kafin in gane ban san ta ba. Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata makarantar sakandare a Gumel, kuma duk shekara idan lokacin darasin ya zo nakan ɗauki jan alli in zana ta, in maƙala mata maɗaciya da koren alli, in jero wa ɗalibai ayyukanta su kwafa. A cikin jerin akwai inda aka ce hanta ce ke tace magani daga jini. Nakan ja wa wurin layi biyu don yana fitowa a jarrabawa. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma da shi na ci mutuncin yayata a gaban mutane.

Yaya ta girme ni da shekara goma sha huɗu. Ina ɗan shekara uku mahaifiyarmu ta rasu, saboda haka a bayanta na girma, ita ta yi mini wanka, ita ta cire mini ƙaya, ita ta dake ni lokacin da na cancanci duka, wanda ba kaɗan ba ne. Ta yi aure a wani ƙauye can bayan Maigatari, cikin Nijar, ta daɗe a can har bakinta ya ɗauko maganarsu. Da mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma kowa ya kama gabansa, sai ta tattaro ta dawo gida Ɗanzomo wajen Baba. Ba ta taɓa shiga ajin boko ba. Makaranta ma lakwal take ce mata, kuma idan na cika mata surutu sai ta ce, "To, ɗan lakwal, mun ji." Sauran lokuta Auta take kirana, ko da furfura ta fara fito mini a gemu. Baba kuwa Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

Ciwon suga ya kama Baba shekara shida kafin abin da zan faɗa. Aka ɗora shi kan wata 'yar farar ƙwaya, guda ɗaya kowace safiya kafin ya sha koko. Ni ke sayowa a Gumel in kai musu duk wata a cikin 'yar leda, Yaya ke bayarwa. Da farko na zauna na zana mata jadawali mai kyau a takarda, da gidaje talatin, na ce duk ranar da ta ba shi ta sa alama a gida ɗaya. Ta karɓa ta yi godiya. Da na koma mako na gaba na tarar an ƙunshe daddawa da shi.

Ita tana da tata dabarar. Ta samo gwangwanayen madara biyu da ƙwallon dabino talatin, ta jiƙa ƙwallayen a lalle har suka yi ja, don kada su gauraya da waɗanda ake yarwa a tsakar gida. Ranar da aka ga wata, dukkansu suna gwangwanin dama. Duk safiyar da Baba ya haɗiye ƙwayarsa, a gabansa za ta ɗauki ƙwallo ɗaya ta jefa a na hagu, ya ji ƙararsa. Idan watan ya yi kwana ashirin da tara, ɗaya ya rage, sai ta haɗa shi da 'yan'uwansa a sake sabon lale. Gwangwanayen suna zaune a kan wani ɗan tudu a bakin ƙofar ɗakin Baba. Na sha yi mata tsiya a kansu, ina cewa ga asibitin Yaya, ita ce likita ita ce nas. Takan ce ai dai asibitin bai taɓa yajin aiki ba. Shekara shida Baba bai tsallake rana ba, kuma ban taɓa ce mata sannu a kan haka ba.

A daminar shekarar, ana cikin noman farko, Baba ya taka ƙayar aduwa a gona. Ya haura saba'in, amma ba mai hana shi zuwa duba geronsa. Ƙayar ta huda takalmin roba ta shiga ƙarƙashin ƙaramin yatsa, kuma da yake ciwon ya riga ya rage masa ji a tafin ƙafa, sai da yamma wajen alwala Yaya ta ga jini. Ta cire ƙayar ta kira ni. Na ce ta wanke da ruwan gishiri, na koma kan takardun da nake makawa.

Bayan kamar mako guda ta sake kira. Ina ɗakin malamai, ana ta gardama kan wani abu da na manta, na toshe kunne ɗaya da yatsa.

"Auta, ƙafar nan ta kumbura, kuma jikinsa da zafi," in ji ta. "Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Tun da ta kumbura, maganin nan ya fi ƙarfinsa. Da hantsi sai ya kama gumi yana rawar jiki, sai na dama masa fura da suga yake dawowa. Da ba haka yake yi masa ba. In rage masa? In ɓalla rabi?"

Raina ya ɓaci nan take, kuma ba don Baba ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne wai Yaya ce za ta yanke shawarar rage magani. Na ce, "Me ya haɗa ƙafa da ƙwaya, Yaya? Ƙafa tana ƙasa, ƙwaya tana ciki. Maganin da ya yi shekara shida yana sha shi ne yau zai ƙara ƙarfi? Kada ki kuskura ki taɓa shi. Ki ba shi yadda likita ya ce, ranar Juma'a ina zuwa."

Ta ce to. Ranar Juma'ar aka yi ruwa tun safe, na duba sama na ce hanya za ta yi taɓo, ban je ba.

Ranar Talatar da ta biyo baya, ina tsakiyar darasi, wani maƙwabcinmu ya kira ya ce Baba ya faɗi. Ban san yadda na hau babur ba. Da na isa, ƙofar gida cike take da maza, tsakar gida cike da mata. Baba yana jingine da bango a kan tabarma, rigarsa jiƙe sharkaf da gumi, idonsa a buɗe amma bakinsa ya yi nauyi. Ma'aikacin ɗakin shan magani na garin yana tsugunne gefensa da kofin ruwan suga. Ya ce mini sugan jinin Baba ne ya faɗi ƙasa sosai, kuma irin wannan yakan faru idan maganin ya yi yawa a jiki, ko kuma an sha ba a ci abinci ba. Rabin farko na maganarsa kawai na ji.

Na juya na ga Yaya tsaye a bakin ƙofar ɗakin, mayafinta a hannu, ƙafarta duk ƙasa saboda gudun da ta yi zuwa kiran mutane. Na ce, "Nawa kika ba shi?"

"Ɗaya."

"Ɗaya ba ta kayar da mutum. Sau biyu kika ba shi kika manta."

"Auta, ɗaya na ba shi. Yau sha tara ga wata, ga gwangwanin nan ka duba."

Ta sunkuya za ta ɗauko mini. Ni kuwa na riga ta. Na sa ƙafa na shure gwangwanin hagu, ya yi sama ya bugi turmi, ƙwallayen suka watse cikin yashi. Na ce, da muryar da nake tsawata wa ɗalibai a filin taro, da ƙwallon dabino za ta kashe mana uba. Na ce magani ba tuwo ba ne da za a auna da ido. Na ce tun farko na ba ta takarda ta ƙunshe daddawa, yau ga sakamakon jahilci. Kalmar da na yi amfani da ita ke nan, a gaban matan da suka ga lokacin da take goya ni. Wata tsohuwa ta ce, "Haba Malam, yayarka ce fa," na ce ta bar ni, rai ake magana.

Yaya ta juya. Ta shiga ɗaki ta haɗa wa Baba kaya a buhu, riguna biyu, carbi, buta, ledar magani. Na samo mota aka ɗauke shi zuwa gidana a Gumel. Tana miƙo buhun ta taga ta ce a hankali, "A duba masa ƙafar." Na ce na ji, kuma kada ta biyo mu, ta zauna ta huta tunda aikin ya fi ƙarfinta.

Ban duba ƙafar ba. Dole in faɗi wannan a fili. Baba ya naɗe ta da tsumma ya ɗora safa a kai, da na tambaya ya ce ta yi sauƙi, ni kuma na yarda don hakan ya fi mini daɗi. Shi tsoronsa kada a hana shi komawa gona, ni kuwa hankalina yana kan nuna wa kowa yadda ake ba da magani. Na saita ƙararrawar waya ƙarfe bakwai. Na sayi sabon littafi na ja layuka da rula. Kowace safiya ni da kaina nake sa masa ƙwaya ɗaya a tafin hannu, in tsaya ya haɗiye, in rubuta lokaci har da minti. Matata ta ce mini loma biyu yake yi ya ture kwanon, kuma jikinsa da zafi. Na ba shi maganin zazzaɓi na ce gajiya ce. Na ɗauki hutun kwana uku a makaranta, ina jin kaina kamar wanda ya ceto ubansa.

A rana ta uku da hantsi muna zaune a zaure, sai Baba ya dube ni ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu tun ina yaro, ya tambaye ni ko an kai shanu rijiya. Gumi yana tsattsafo masa a goshi, hannunsa yana rawa. Kafin in miƙe ya sulale gefe. Ina ɗura masa ruwan suga yana zubowa ta gefen baki, littafina yana nan buɗe a kan tabarma, na rubuta bakwai da minti biyu da kyakkyawan rubutuna. Ƙwaya ɗaya na ba shi, da hannuna, kuma babu wanda zan shure wa gwangwani.

Likitar da ta karɓe mu a asibiti mace ce 'yar wajen Filato, ta daɗe tana aiki a Gumel, Hausarta tsaf amma da ɗan karin harshen garinsu, da ƙaramin gicciye a sarƙar wuyanta. Aka sa wa Baba ƙarin ruwa mai suga, cikin ɗan lokaci ya buɗe ido. Ta tambayi wanda ke ba shi magani. Har a lokacin ban daina ba. Na ce ni ne yanzu, amma da yayata ce a ƙauye, kuma ina jin ita ta fara ninka masa. Likitar ta matsa kusa da gadon. Ta ɗaga fatar idon Baba ta duba, ta kira ni in gani, farin idon ya ɗan yi rawaya. Sannan ta gangara ƙafarsa ta zare safar ta warware tsumman. Warin da ya tashi ya sa na ja da baya. Ƙafar ta kumbura har idon sawu, tana sheƙi, ƙaramin yatsan ya yi baƙi, mugunya na fita ta ƙarƙashinsa.

Sai da aka gama wanke ciwon, aka ɗebi jini, aka fara yi masa allurai, sannan ta kira ni ofishinta. Ta tambayi aikina, na faɗa. Ta ce to madalla, ba sai ta sha wahalar bayani ba, me nake koya wa yara a kan hanta da magani? Na karanto mata layina mai ja biyu.

"Gaskiya ne," in ji ta, "amma magani ba shiga hanta yake yi haka kawai kamar ruwa cikin yashi ba. A jikin ƙwayoyin halittar hanta akwai wasu ƙananan ƙofofi. Aikinsu su ɗauko magani daga cikin jini su shigar da shi. A ciki ake farfasa shi, sannan wasu ƙofofin ta ɗaya gefen su tura abin da ya rage cikin ruwan maɗaciya ya fita. Irin ƙwayar da Baba ke sha, hanta ce ke wannan aikin a kanta. To idan wani wuri a jiki ya kumbura sosai, ko da ƙafa ce, garkuwar jiki takan zuba wasu sinadarai cikin jini, kamar shela. Da hanta ta ji shelar sai ta karkata ga haɗa kayan yaƙi da cutar, ta rage ƙofofin nan, ta rage masu farfasawar ma. Sai magani ya daɗe yana yawo a jini. Na jiya bai gama fita ba, na yau ya zo ya same shi."

Ta ga ina kallonta kawai, sai ta ce, "Ka je Maigatari lokacin da aka rufe boda?"

Na ce na je. Na tuna manyan motoci jere a gefen titi, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa shayi.

"Motocin da suka saba zuwa kullum ne suke zuwa, ba a ƙara ko ɗaya ba. Wucewa ce ba sa yi, shi ya sa ka ga layi. Rawayar da na nuna maka a idonsa ma daga nan take, don abin da ke kawo ta ta irin waɗannan ƙofofin yake fita. Ban ce maka wannan kaɗai ne dalili ba. Ba ya cin abinci, ga tsufa, ƙodarsa ma zazzaɓin ya taɓa ta, duk sun haɗu. Amma ƙwaya ɗaya a jikin da yake da irin wannan ƙafar ba daidai take da ƙwaya ɗaya a jikin lafiyayye ba. Abin da ya ba ni mamaki, wadda ke zaune da shi ba ta lura da wani canji ba?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige. Na ce ta lura. Ta ce me ta ce? Na maimaita mata maganar Yaya kalma bayan kalma, cewa tun da ƙafar ta kumbura maganin ya fi ƙarfinsa, har da tambayar ko ta ɓalla rabi. Ban san na riƙe maganar haka ba sai da na ji ta tana fita daga bakina.

"Yaushe ta faɗa maka?"

"Kwana tara ke nan."

Likitar ta dube ni, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rubutu a katin Baba. Na fi son a ce zagina ta yi. Daga baya ta ce ba wai daidai ba ne mutum ya rage magani da kansa, abin da ya kamata shi ne ranar da aka yi wannan kiran a kawo shi asibiti. Ta ce an dakatar da ƙwayar, za a riƙa auna sugan ana yi masa allura har kumburin ya sauka. Ƙafar za ta tsira in sha Allahu, amma yatsan ya riga ya mutu, sai an cire shi.

An cire shi bayan kwana biyu. Da Baba ya dawo hayyacinsa sosai, abin da ya fara tambaya shi ne, "Ina Uwata?" Na ce tana gida, na ce ta huta. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Ranar nan bakina ne ya yi nauyi, kunnena lafiyarsa ƙalau. Na ji duk abin da ka faɗa." Ya juya fuskarsa bango. Duk tsawon kwanakin nan ban kira Yaya ba. Da farko fushi ne ya hana ni, daga baya kunya. Ta wajen matata take jin labari, ta kira a ɓoye ta tambaya ko ya ci abinci.

Washegari na bar matata a wajensa na hau babur zuwa Ɗanzomo. Gero ya kai gwiwa a gefen hanya, ko'ina kore shar, ni kuwa ina ta haɗa kalmomi suna wargajewa. A ƙofar gida na haɗu da wata maƙwabciyarmu tana fitowa. Ta yi mini jajen Baba, sannan ta rage murya ta ce, "Ka yi haƙuri da ita, Malam, mantuwa ta kowa ce. Mun yi ta ba ta baki, ko abinci ba ta ci." Nan na gane maganata ta riga ta zauna a garin. Ba a ma gardama a kai, tausayinta kawai ake ji.

Na same ta zaune a bakin ƙofar ɗakin Baba. Ta rame, wuyanta ya fito. A gefenta ga rariya, tsakar gidan kuma an bi shi an tankaɗe yashinsa tsibi-tsibi tun daga turmi har bakin garke. Gwangwanayen biyu suna kan tudunsu, na hagu ya lotsa a gefe. Na yi sallama ta amsa, ta tambayi Baba, ta kawo mini ruwa kamar baƙo.

Kafin in buɗe baki ta ce, "Na tsince su. Kwana uku na yi, ɗaya har cikin garke ya faɗa. Sha tara ne. Wancan da ba ka taɓa ba, sha ɗaya ne a ciki."

Na kalli gwangwanin dama. Tun ranar yana nan a zaune, taku ɗaya daga inda na tsaya ina ihu. Da na sunkuya na leƙa shi, da na ga sha ɗaya, kuma ko ɗan aji ɗaya ya san abin da ke saura idan an cire sha ɗaya daga talatin.

"Na ƙirga na sake ƙirgawa," in ji ta. "Sai kuma na ce wa kaina, to idan na ba shi, hankalina ya tafi wajen tukunya, na dawo na sake ba shi, ƙwallo ɗaya kawai na jefa fa? Tun ranar nake bin safiyar nan a kaina, daga tashina har faɗuwarsa. Wani lokaci in ga ɗaya na ba shi, wani lokaci in ga kamar biyu. Kai ne ka yi karatu, ka ce ɗaya ba ta kayar da mutum."

Na durƙusa a gabanta a kan yashin da ta tankaɗe. Na gaya mata ɗaya ta kayar da shi a hannuna. Na gaya mata ƙofofin hanta, da shelar da kumburi ke yi, da motocin Maigatari, ina yi ina sarƙewa, ni da nake bayani a gaban yara sittin ba gargada. Na ce likita ta ce abin da ta gani daidai ne, ita ta fara ganinsa kafin kowa, kuma da na saurare ta da ba a kai ga haka ba. Ta saurara har na gama. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, ko da yake na yi fatan ta ce.

"Ashe dai ƙafar ce," ta ce. "Ta warke?"

Na ce an cire ƙaramin yatsan. Sai a lokacin ta yi kuka, ta rufe fuska da mayafi, tana cewa ita ta cire ƙayar, da ta sani da ta ɗauke shi a amalanke ta kai shi da kanta. Na roƙe ta gafara. Ta share ido ta ce, "Na yafe maka, Malam. Tashi, kada a shigo a gan ka haka."

Ban tafi ba sai da na bi gidajen da na tuna matansu suna tsakar gidan ranar, na tsaya a zaure na faɗa wa mazajensu gaskiyar abin da ya faru, su isar musu. Ranar Juma'a bayan an sauko na tsaya a ƙofar gidanmu na faɗa wa dattawa cewa Yaya ba ta yi kuskure ba, ni ne na yi. Suka ce Allah ya kiyaye gaba, suka yaba mini da sanin ya kamata, wanda ya ƙara mini kunya. Amma bayanin ƙofofin hanta dogo ne, maganar da na yi ranar kuwa gajera ce mai sauƙin ɗauka. Bayan shekara guda na ji wata mata a motar haya mai zuwa garin Sule Tankarkar tana ba wata labarin wadda ta kusa kashe ubanta da magani a Ɗanzomo. Ba ta san ni ba. Na gyara mata labarin, ta ce to, ita dai haka ta ji.

Baba ya yi mako uku a asibiti, ya koma gida da sanda. Da kumburin ya sauka, rawayar idon ta washe, likitar ta mayar da shi kan ƙwaya, wata iri dabam, ta kuma ce duk ranar da ya yi zazzaɓi ko wani wuri ya kumbura ko ya ƙi abinci, a kira ta kafin a ba shi. Ni na kai ledar Ɗanzomo. Na sayo sabon gwangwani a madadin wanda na lotsa, na ajiye a kan tudun da hannuna, na ce Yaya ta ci gaba yadda ta saba. Ta ce to. Da na koma mako na gaba, gishiri ne a gwangwani ɗaya, kanwa a ɗayan. Ban ga ƙwallayen ba, kuma ban iya tambaya ba.

Tun washegarin ranar da na kai ledar wayata ta fara ƙara ƙarfe bakwai na safe. Ina ɗaura igiyar takalmi zan fita makaranta, na ɗauka. Yaya ce. Ta gaishe ni, ta ce Baba ya tashi lafiya, jikinsa ba zafi, ƙafar ba kumburi, kokon yana kan wuta. Sannan ta ce, "Malam, in ba shi?"

Na ce, "Yaya, ke da kike gabansa ai kin fi ni sani." Ina jin kukan kaji ta cikin wayar, da tarin Baba daga ɗaki. Ta ƙi kashewa, ta ƙi magana, har sai da na ce ta ba shi.

Haka muka yi shekara biyu da wata huɗu, har Allah ya karɓi ran Baba. Na roƙe ta, na yi mata wasa, na sa Baba ya yi mata magana, na taɓa ƙin ɗauka don in tilasta mata, sai ta kira matata ta ce a ba ni. Ranar da babu sabis takan taka har bakin titi inda waya ke kamawa, Baba yana zaune da kokonsa yana hucewa. Matar da ta yi shekara shida tana ba da maganin nan ba ta tambayi kowa ba, ba ta ƙara sa masa ƙwaya a hannu ba sai da izinina. Kuma tun ranar da na durƙusa a kan yashin nan ba ta sake ce mini Auta ba.